Tambayoyin masu son fara saƙa, ɗinki da sauran aikin hannu, da amsoshinsu

Assalamu alaikum. Duk shekara da sanyi ya fara leƙowa, wajajen Nuwamba haka, sai tambayoyi iri ɗaya su yi ta zuwa daga mutane daban daban, wannan tana so ta koyi saƙa kafin ƙanwarta ta haihu, waccan an siya mata keke tun kayan ɗaki yana nan lulluɓe da zani an ɗora masa fulas a kai, wani kuma namiji ne sai ya gama kewaye kewaye sannan ya fito da tambayar. Shi ne na haɗa su waje ɗaya. Yawanci da mace nake magana saboda mata suka fi tambaya, amma maza ku bi a hankali akwai naku a ciki.

Ban taɓa riƙe ko allura ba. Da wanne zan fara, saƙa ko ɗinki?

In dai ni kika tambaya, kwarashi. Ba wai ya fi ɗinki daraja bane, shi dai kuskurensa baya cin kuɗi. Kin yi layi biyar ya karkace, ki zare kwarashin ki ja zaren ya warware tas, ki sake daga farko, ba abin da kika rasa sai lokaci. Atamfa kuwa in almakashi ya shiga inda bai kamata ba shikenan, sai dai a yi wa autar gida ɗan siket da ita. Ga shi kayan aikin nasa basu da yawa, zasu shige jakar hannu, kina layin ganin likita kina yi, kina jiran shinkafa ta tsotse kina yi.

Amma fa in ɗinki ne a ranki, misali kin gaji da "ki dawo jibi" ɗin tela, to kada wani ya ce miki sai kin bi ta saƙa. Tafi kan ɗinkinki kai tsaye, don wanda kike marmari shi zaki iya jure wa haushinsa a satin farko.

Meye bambancin saƙar kwarashi da ta tsinke biyu?

Kwarashi ɗan ƙarfe ne mai ƙugiya a baki, kuma yawancin lokaci ido ɗaya ne tal a kansa, wato ɗan zoben zaren da kike jawowa. Ta tsinke biyu kuwa, wadda wasu ke cewa saƙar kibiya, duk idanun layin suna jere a kan tsinken, in ɗaya ya zame baki lura ba sai ya yi ta zarcewa ƙasa ya bar miki hanya a jikin saƙar. Ta tsinken ta fi laushi, ta fi miƙewa, ta fi kwanciya a jiki, shi yasa suwaita da safa suka fi kyau da ita. Kwarashi ya fi kauri da tsayuwa kuma ya fi shan zare, shi ne na jaka, hular jariri, shawul, takalmin bebi, shimfiɗar tebur. Akwai kuma keken saƙa irin na masu suwaitar 'yan makaranta, amma wannan maganar jari ce da kasuwa, ba ta mai farawa bace.

Me zan siya, kuma a ina?

Kaɗan. Dan Allah kaɗan. Abin da ya fi kashe wa masu koyo gwiwa shi ne su je kasuwa da zumuɗi su ciko leda da zare kala goma da setin kwarashi gaba ɗaya, sai ledar ta koma tana hararar mutum daga saman wadrof. Kwarashi ɗaya mai lamba 3.5 ko 4, lambar milimita ce tana rubuce a jikinsa. Ƙullin zare ɗaya ko biyu. Ƙaramin almakashi, babbar allura mai faɗin kafa ta ɓoye bakin zare in kin gama, da fil guda biyu na sa alama. Shikenan.

Zaren da muke kira ulu a kasuwanninmu yawancinsa ba gashin tunkiya bane, akirilik ne, dangin roba, kuma don koyo ya wadatar. Irin su Yeye sirara ne, mutane da yawa suna haɗa biyu su saƙa tare. Ki ɗauki kala mai haske, ruwan madara ko ruwan ƙwai ko shuɗi mai haske. Baƙi da ruwan goro mai duhu ki bar su tukunna, bazaki ga inda zaki soka kwarashin ba balle da daddare. Mai gashi gashin nan mai laushi da yake jan ido a shago shima ki kau da kai, baya warwaruwa sai ya cukurkuɗe. Ranar da kika tashi yin babban abu kuma, ki siyi duk zaren da zai ishe ki lokaci ɗaya, saboda kala ɗaya kamfani ɗaya amma in rinin ba na lokaci ɗaya bane sai ki ga ya ɗan bambanta, a shago bazaki gani ba sai kin shanya a rana.

A Kano, Kasuwar Ƙofar Wambai ita ce gidan zare da tarkacen ɗinki, yadi da atamfa Kantin Kwari, kekuna kuma ki leƙa Sabon Gari. A Kaduna akwai Kasuwar Barci da babbar kasuwa ta Sheikh Gumi, 'yan Jos kuma Taminus. Ko a ƙaramin gari kike, ki tambayi tela mafi kusa inda yake siyan zif da maɓalli, mai shagon nan da wuya a ce baya da kwarashi.

Na fara, amma saƙar tawa sai ƙanƙancewa take yi tana hawa kamar dalar gyaɗa. Me nake yi ba daidai ba?

Kina barin ido a ƙarshen layi. Kusan kowa sai ya bi ta nan. Idon ƙarshe yana lanƙwashewa ya kwanta a gefe, sai ki ɗauka kin gama ki juya, kin fara da 20 layi na gaba 19, na gabansa 18. Maganinsa ƙirga, ba wani sirri. Ki yi sarƙa, wato jerin idanun da ake fara saƙa da su, ki saƙa layin farko, da kin yi ido na farko ki maƙala masa fil, na ƙarshe ma haka, in kin juyo kin san sai kin kai kan fil ɗin nan sannan layi ya ƙare. Duk layi ki ƙirga da baki. Wata rana zaki ga idonki ya fara gane su da kansa kin daina neman fil.

In kuma faɗi take ƙarawa, to kina soka sau biyu a waje ɗaya, galibi a gindin sarƙar da kika yi ta juyawa.

Hannuna yana ƙagewa, kwarashin ma baya shiga.

Kin matse zaren da yawa. Mai koyo tana riƙe zare da ƙarfi don tsoron kar ya kufce, sai idanun su fito ƙanana ƙam. Ki bar zaren ya dinga zamewa tsakanin yatsunki, sannan ki tura kowane ido ya hau jikin kwarashin mai kauri, kada ki bar shi a wuyan ƙugiyar inda yake siriri, girman ido daga jikin kwarashin yake fitowa. In ya ƙi, canja zuwa lamba 5 na kwana biyu.

Zan iya koya a YouTube kawai?

Zaki iya, mutane da yawa a nan suka koya, har da masu koyarwa da Hausa yanzu. Ki rage saurin bidiyon a saitin, ki sauke shi lokacin da data take da sauƙi. Abu ɗaya da yake rikita mutane, sunayen saƙar 'yan Amurka da na 'yan Ingila ba ɗaya bane, abin da Ba'amurkiya take kira singil shi 'yar Ingila take kira dobul, to ki tsaya wa mai koyarwa ɗaya har hannunki ya faɗa, in ba haka ba zaki bi umarni daidai abu ya fito daban kiyi ta zargin kanki.

Sai dai gaskiya waya bata ganin hannunki. Zama ɗaya kusa da wadda ta iya, ta kama yatsanki ta ce "ba haka ba, sassauta nan", ya fi bidiyo ashirin. Kuma da wuya ki rasa ta a unguwa, akwai Inna ko Gwaggo da ta yi saƙa shekaru ta ajiye, ki je da zarenki da ɗan goro ki gaishe ta, zaki sha mamakin yadda zata ji daɗin an tuna da ita.

Ni bahaguwa ce.

Ki saƙa da hagunki. Ki zauna gaba da gaba da mai koya miki maimakon gefe da gefe, sai ki kwaikwayi abin da kike gani. Wanda duk ya ce sai kin koma dama ki ce masa kin ji.

Wane keken ɗinki zan siya?

Baƙin keken nan na ƙafa, irin su Butterfly da ake kawowa daga Chana. Ginin tsohon Singer ne aka kwaikwaya, ƙarfe ne zalla, ɗinki ɗaya ya iya wato miƙaƙƙe, amma ya iya shi da kyau. Ba ruwansa da NEPA, kowane mai gyaran keke a kasuwa ya san cikinsa, allurarsa da bel da bobin, wato abin naɗe zaren ƙasa, ana samu ko ina, kuma in kin gaji da taka ƙafa ana ɗaura masa ɗan moto ya koma na wuta. Kaso mai yawa na kayan da kike gani a jikin mutane da irinsa aka ɗinka.

Ƙananan na roba masu batir da ake tallarsu a intanet, masu kama da kayan wasan yara, kada ki zubar da kuɗinki, ninki biyu na atamfa ma da ƙyar suke ci. Babban injin teloli na wuta kuma yana zuba ɗinki dubbai a minti ɗaya, kafin ki ce wayyo ya wuce inda kike so, yana cin waje yana son wuta ko janareto, allurarsa ma daban ce mai zagayayyen gindi, ta keken gida kuwa gefe ɗaya a shafe yake. Na wuta na kan tebur masu zigzag da ramin maɓalli suna da daɗi in kina da sola ko wutar unguwarku tana da kirki, amma kafin ki siya ki tabbata akwai mai gyaransa a garinku.

Na hannu, wato wanda aka yi amfani da shi, ba aibu bane, wani tsohon ma ya fi sabo ƙwari. Ki je da tela ko mai gyara, ki tafi da ƙyallenki, a ɗinka a gabanki ki juya bayan ki duba.

Keken yana komawa baya in ina takawa, zare ya tsinke.

Cire zaren gaba ɗaya, cire allurar ma in kina so. Zauna ki koyi taka kawai. Ki jawo ƙaramar tayar sama zuwa wajenki da hannun dama, ƙafa ta karɓa, ki yi ta yi har ki iya tsayawa ki tashi ba tare da ta juya baya ba. Daga nan ki maida allura ba zare, ki samu takardar littafin makaranta mai layi ki dinga bin layin, hujin allurar zai nuna miki inda kika kauce. In layi ya miƙe sai ki zana da'ira da kusurwa ki bi. Abin yana da gundura, na sani, amma duk yaron shagon da kika ga yana gudu da keke ta nan ya fara.

Zare yana cunkushewa a ƙasan ƙyalle, ko ya dinga tsallake.

Wannan tambayar ita ta fi kowacce zuwa, kuma ita take sa a lulluɓe keke a ce ya lalace alhali lafiyarsa ƙalau. In kika ga tulin zare a ƙasa, kowa bobin yake zargi, amma yawanci laifin zaren sama ne. Ko dai bai shiga tsakanin faifan nan biyu masu matse shi ba, ko ya fita daga ɗan hannun da yake hawa yana sauka. Ki ɗaga ƙafar keken tukunna, wato abin da yake danne ƙyalle, saboda sai tana sama faifan suke buɗewa, ki zare zaren duka ki sake bi da shi daga farko. Sannan ki sauke ƙafar kafin ki fara ɗinki, mantawa da sauke ta ma yana kawo cunkuson. Ki kama jelar zaren biyu ta baya da yatsa har ki yi ɗinki uku huɗu.

Tsallake kuma allura ce. Ta lanƙwashe, ko ta dakushe, ko an sa ta a juye, ko bata kai ƙarshen raminta ba. Ki shafa jikinta da farce zaki ji wani dogon kwarmi a gefe ɗaya, wannan gefen shi yake kallon inda zare yake shigowa. Lambar ma da muhimmanci, 14 ta atamfa da shadda da yawancin yadi, 11 ta masu santsi marasa nauyi, 16 ko 18 ta jins da labule. Allura abu ce mai ƙarewa, ba a shekara da guda ɗaya.

Sai mai. Man keke na asali, ɗigo ɗaya a kowane rami, ba man gyaɗa ba, ba baƙin mai ba, man girki yana daskarewa ya kama ƙarfe. Da hunturu ƙura tana haɗuwa da gashin yadi ta taru ƙarƙashin haƙoran da suke jan ƙyalle, ki kwance farantin ki share da tsohon buroshi. In kin sa mai ki fara ɗinka tsumma, kar ya ɗiga a farar shaddar maigida.

Me zan fara ɗinkawa?

Rigar filo. Sai kalmasar zani da ɗankwali, sai jakar zuba kaya, sai wandon yara mai roba. Duk da tsohon zanin gado ko atamfar da ta koɗe. Bayan nan siket miƙaƙƙe, shi zai koya miki awo. Tef ɗinki fuska biyu ne, teloli da inci suke aiki, yadi ɗaya inci 36, turmin atamfa yadi 6. A ce wes ɗinki 32 hip 40, kin ninka yadin gida biyu zaki yanka gaba, sai ki raba kowanne gida huɗu, 8 a sama 10 a hip, ki ƙara inci ɗaya ko ɗaya da rabi na ɗinki. Ki bar shi da yawa, ragewa ake iya yi. Yadin auduga ki jiƙa shi ya bushe ki goge kafin yanka don yana ɗan shigewa, kuma dutsen guga ya zauna kusa da keke, duk layin da kika ɗinka ki kwantar da shi. Rabin abin da yake sa ɗinkin wata ya fi na wata kyau guga ne.

Leshin biki da kayan lefe, kai su wajen tela har yanzu. Ba raini bane.

In shiga shagon tela ko in koya a gida?

Ya danganta da inda kika dosa. In sana'a kike so sosai, shago ya fi, zaki ga jiki iri iri da rigimar kwastoma, amma ki shirya zaman watanni kina guga da sa maɓalli da kai wibin kafin a baki almakashi. In don kanki da yaranki ne, mata masu ɗinki a gida sun fi sauƙin sha'ani, ku yi magana a fili tun farko, nawa ne, wane ranaku, zata koya miki yanka ko taka keke kawai. Yankan nan shi ne ɗinkin, wasu suna riƙe shi. Akwai kuma cibiyoyin koyar da sana'a na mata a ƙananan hukumomi da shirye shiryen NDE, hukumar samar da aikin yi ta ƙasa, ki tambaya a naku.

Ni namiji ne. Ba za a yi min dariya ba?

Malam, wa zai yi dariyar? Telan da ya ɗinka kaftanin jikinka namiji ne. Aska takwas da ake zuba wa babbar riga da hannu, a Zariya da Kano maza ne suka shahara da ita, har da malamai da almajirai a zaure. A tsarin da, mata ke kaɗi da mazari, maza su saƙa siraran ƙyallaye a masaƙa, maza su rina a marina, irin ta Ƙofar Mata da ake danganta kafuwarta da 1498. Baturen Jamus ɗin nan Heinrich Barth da ya shigo Kano a 1851 ya rubuta yadda tufafin garin suke kaiwa har Timbuktu da Gat da Tarabulus. Kwarashi ne dai aka saba gani a hannun mata, kuma shima ba a rubuta sunan kowa a jikinsa ba. In kana jin nauyi fara da hular sanyi taka ta kanka, in abokai suka gani tambayar farko da zasu yi ita ce a ina ka siya.

Ɗinkin hula fa? Ina sha'awarsa.

Wannan shi ne aikin masu haƙuri na gaske. Kayan ba tsada, farin yadi da aka riga aka yi wa zane, allura, zaren hula kala kala. Mai zane daban yake, wajensa ake siyo jikin hular da kanta an fitar da fasalin, ke naki bin zanen da cikewa. A irin su Zanna Bukar kowane ɗan ido sai an huda an zagaye shi da zare, ɗaya bayan ɗaya, shi yasa mai kyau take cin makonni har watanni, kuma ƙanƙantar idon da daidaituwarsa su ne kuɗin hular. In an gama a haɗa kai da jiki, a kai wa masu wankin hula su wanke su sa sitati su ɗora a kan itacen da zai fitar mata da tsayuwa.

Mutanen Borno sun yi nisa a nan, hular Bama suna ne da kansa, kuma bayan Boko Haram ta kama garin a 2014 da yawa daga waɗanda suka koma Maiduguri da wannan ɗinkin suka riƙe kansu. Shawarata ki fara da hular yaro mai manyan ido da kala biyu, ki wanke hannu duk sanda zaki ɗauka, ki dinga naɗe ta a farin ƙyalle, don man hannu da na girki in ya kama farin yadin nan har wanki sai ya nuna. Kuma aikin rana ne, a inuwa mai haske.

Idona da bayana sun fara ciwo.

Ki daina aiki da fitilar waya. Ki zauna a abin da yake da majingina, duk bayan ɗan lokaci ki ɗaga kai ki kalli nesa ki miƙe ki murza yatsu. In kin wuce arba'in kuma kafar allura ta fara ɓuya, wannan ba laifin saƙa bane, je a auna miki tabarau. In yatsu suna yawan mutuwa ko tsami har cikin dare, ki ajiye aikin ki ga likita.

Kayan jarirai, akwai abin da zan kiyaye?

Akwai. Banda duwatsu da ƙananan maɓallai da zasu iya cirewa su shiga baki, banda doguwar igiya a wuya, banda manyan ramuka da ɗan yatsa zai maƙale, ki ɓoye bakin zare da kyau. Ki goga zaren a wuyanki kafin ki siya, in ya soke ki to jariri ya fi ki ji. Sannan a duba yanayi, akirilik yana riƙe zafi, yaron da aka haifa a watan Afrilu a Sakkwato ba ya buƙatar suwaita da hula da safa da shawul a lokaci ɗaya don kawai Anti ce ta saƙa. Wanki da hannu a ruwa mara zafi, kar a murɗe, a shimfiɗa a kwance ya bushe don in aka rataye zai zazzago. Dutsen guga kada ya taɓa shi, narkewa yake yi.

Ana ta ce min in maida shi sana'a. Kuma 'yan uwa kowa "ki min irinsa".

Toh, nan ne nake da magana. A wajenmu da an ga abu mai kyau a hannunki ba a cewa ya burge, sai "nawa kike siyarwa", in kika ce ai don nishaɗi nake yi sai a kalle ki a ce kina wasa da dama. Na san halin da ake ciki, ba wanda zai ƙi ƙarin kuɗin cefane, kuma mata da yawa da keke da kwarashi suke biyan kuɗin makaranta, Allah Ya ƙara musu albarka. Amma ba dole bane. Ya halatta mace ta zauna bayan isha ta yi layi goma don kanta ya huce, ba oda ba kwastoma ba mai kira yana cewa gobe suna. Na ga waɗanda suka fara da so, wata biyu aka tura su karɓar aiki, hannu bai gama faɗawa ba, aka dawo musu da kaya da baƙar magana, daga nan ko kallon zare basa son yi.

In kin ga kina so ki siyar, bari sai kin yi abu ɗaya sau da yawa har yana fitowa iri ɗaya ko kina hira. Sannan kiyi lissafi na gaskiya, kuɗin zare, kuɗin motar kasuwa, leda, da awannin da kika zauna. A nan ake faɗuwa, mutum ya kwana huɗu a kan shawul ya ɗora ɗan abin da ko kati bai kai ba, don yana gasa da na gwanjo da na kamfani. Bazaki taɓa kayar da su a araha ba, wanda zai siyi naki don hannu ne da kalar da ya zaɓa. Ki karɓi kuɗin kayan aiki kafin ki fara. Kuma shekararki ta farko kada ki karɓi ɗinkin sallah ko na mutum ɗaya, teloli masu shekara ashirin ma azumi yana kai su bango.

Masu "ki min" kuma amsa ɗaya ce cikin fara'a: "To Yaya, siyo zare ƙulli shida kala kaza, in na samu sarari sai in fara." Yawanci daga nan maganar take mutuwa. Wadda ta kawo zaren da gaske take so, ita kam a yi mata, ko ma a ce ta zauna ta koya.

Banda saƙa da ɗinki akwai wani abu mai sauƙin farawa?

Aikin duwatsu, jaka da sarƙa da abin hannu, da zaren kamun kifi ake yi, yana da saurin nuna sakamako, sai dai gidan da ke da mai rarrafe a yi hattara. Saƙar faifai da kaba tana nan a hannun iyayenmu na karkara kuma masu iya ta raguwa suke yi, in kina da kaka da ta iya kar ki bari. Rini na ɗauri ma yana da daɗi, amma na zamani da soda mai ƙuna da wani farin gari mai wari ake haɗa shi, ba irin na baba da toka na marina bane, dole safar hannu ta roba mai kauri, a tsakar gida inda iska take, sodar ake zubawa a ruwa a hankali ba ruwa a kan soda ba, kuma robar da aka yi rini a ciki ta bar kicin har abada.

Ragowar zare da ƙyallaye sun taru min, in zubar?

A'a. Ragowar zare ki dinga yin ƙananan murabba'ai masu girma ɗaya kina tarawa, in sun yi yawa ki haɗa su bargon yara, ki dai tabbata kaurin zaren ɗaya ne don kar wani ya ja wani. Ƙyallen atamfa masu ɗan girma suna yin abin ɗaure gashi, jakar kuɗi, abin sauke tukunya in kin ninka da yawa, amma na auduga kawai banda mai roba. Dogaye kuma a yanka siri siri a saƙa abin goge ƙafa na bakin ƙofa da babban kwarashi lamba 8 ko 10. 'Yan mitsi mitsin da basa ɗinkuwa ki tara a buhu ki cusa filon kujera ko tum tum da su, in naki bai isa ba telan unguwa zai baki nasa kyauta, dama neman inda zai kai su yake yi.